Farautar Norris a Gandun Brackenholt

Shayi kawai na je karɓowa. Ita ce maganar da na yi ta maimaita wa kowa a ranar, sai ka ce wadda aka tsayar gaban alƙali. Na zaunar da mijina Norris a teburinmu na kusa da hita, a tsohuwar bargar dawakin Brackenholt da suka mayar shagon shayi, na cire masa kwat na rataya a bayan kujera, na ce, "Zauna nan, tsoho. Ko ƙafa ka motsa sai na sani." Ya yi murmushi ya ce to. Layin ba wani tsawo gare shi ba, amma yarinyar da ke kan kanta sabuwa ce, ga wani mutum a gabana ya tsaya yana tambayar ko akwai gyaɗa a cikin kowane kek, ɗaya bayan ɗaya, kamar zai saye shagon. Da na juyo da tire a hannu, kujera ce kawai da kwat.

Ban tsorata nan take ba. Na leƙa banɗakin maza, na ƙwala masa kira daga bakin ƙofa, wani yaro ya fito yana harara ta. Na duba shagon tsaraba, na duba wurin motarmu. Sai da na dawo teburin na ga jakata a buɗe, kuma tsohuwar na'urar GPS ɗinsa ba ta ciki. Nan ne gabana ya faɗi.

Norris ya ba saba'in baya, kuma ciwon mantuwa ya daɗe yana cin sa a hankali. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana raba wasiƙu, ya san kowace ƙofa a garinmu har da sunan karen gidan, yanzu sai ya tsaya a kicin yana tambaya ta inda muke ajiye cokula. Ƙarshen Nuwamba ne, rana ta riga ta karkata, kuma tun da safe rediyo ya ce ruwa zai daskare kafin dare. Suwaita ce kawai a jikinsa.

Ni da shi mafarautan akwati ne, tun kafin wayoyi su iya nuna hanya. Wani zai ɓoye ɗan akwati a kogon itace ko bayan dutse, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi kibiyar na'urarka har ka gano shi, ka sa hannu a 'yar takardar da ke ciki, ka mayar da shi yadda ka same shi. Ba kyauta, ba riba. 'Yarmu Bryony ta ce wasan yara ne na tsofaffin da suka rasa aikin yi, ni kuwa na ce ai gara shi da zama gaban talabijin. Yawancin akwatunan Brackenholt Norris ne ya ɓoye su da hannunsa, da izinin masu gandun. Ya daɗe da daina fita farauta, amma ina tafiya da na'urar a jaka, don idan ya rikice a mota na miƙa masa ita sai ya natsu.

Na je da gudu ofishin Alastair Oddie, shugaban masu kula da gandun, dogon mutum mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma. Allah Ya saka masa, bai ɓata lokaci ba. Ya sa aka rufe ƙofofin gandun, ya kira 'yan sanda, ya tattaro 'yan sa-kan da suka zo gyaran shinge, ya raba musu riguna masu ƙyalli da rediyon oba-oba. 'Yan sanda suka ce suna zuwa da kare, amma karen yana wani gari, kuma babbar hanya ta cushe.

"Za mu same shi, Misis Thackray," in ji Oddie. "Ba zai yi nisa ba."

"Ba ka san shi ba," na ce. "Kan ne ya lalace, ƙafafun suna nan kalau."

Na ga idonsa ya kai ga taga, can inda tafki yake kwance a gindin babban gidan masu gandun, ya yi maza ya ɗauke. Kowa a ɗakin nan tafkin yake tunani, ba wanda ya ambace shi.

Ya sa ni a 'yar motarsa ta zagayen gandu muka bi akwatunan da ke kusa. Na bayan agogon rana mai nuna lokaci da inuwa a lambu, na ƙarƙashin gadar dutse, na kogon tsohon itacen da tsawa ta tsaga. Kowanne yana nan yadda yake, ba alamar an taɓa. Ta ko'ina kana jin muryoyi suna tashi, maza da mata, "Norris! Norris!" Bareyin gandun sun taru can nesa sun ɗaga kai suna kallon ikon Allah. Ni ma na yi ta kira har muryata ta dishe, hannuna ɗaya rungume da kwat ɗinsa.

Da muka dawo barga Bryony ta iso, ko rigar aikinta ta asibitin dabbobi ba ta cire ba. Ba ta gaishe ni ba.

"Mama, me ya kawo ku nan? Ban ce miki a daina kawo shi wurin nan ba?"

"In kulle shi a ɗaki kamar kaya?"

"Da kin kulle shi da yanzu mun san inda yake!"

"Ke Bryony, ki iya bakinki. Shekara talatin na yi ina dafa wa yaran makaranta abinci, ba a yi wanda ya ɗaga mini murya ba, balle ke da na haifa."

Sai ta fashe da kuka, ni kuma na ji kamar in mari kaina. Na jawo ta na rungume, kwat ɗin ubanta a tsakaninmu.

Muna haka wata mata ta shigo farfajiyar da ƙaramin kare a igiya, ta ce ta ji ana neman wani dattijo. Ta ce ta ga wani mai suwaita ruwan toka ɗazu, wajen katangar duwatsu da ke bakin kurmin arewa.

"Lafiyarsa ƙalau kuwa," in ji ta. "Da ya hango ni sai ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalminsa. Na gaishe shi, ya amsa, kansa a sunkuye. Har na yi nisa na waiwayo yana nan yana ɗaurewa."

Oddie ya girgiza kai. "Sau biyu mutanena suka ratsa kurmin nan suna kira. Da yana ciki da ya ji."

Ni kam ban ji ƙarshen maganarsa ba. Na kama hannun matar, har ta ɗan ja baya.

"Igiyar takalmi kika ce?"

"Ƙwarai."

"Takalminsa ba shi da igiya," na ce. "Tun bara ya manta yadda ake ɗaurewa, na saya masa na zirawa."

Suka tsaya suna kallo na. Bryony ce ta fara ganewa, don a cikin wasan ta girma ko da ba ta so. Dokar farko a wasanmu ita ce kada bare ya gan ka a bakin akwati. Bare shi ne duk wanda ba ya wasan, kuma idan ya ga inda ka sa hannu, gobe akwatin ya tafi, ko yara su watsar da shi, ko a kira 'yan sanda a ce an ga abin tuhuma. Shi ya sa kowane mafarauci yake da dabararsa. Wani ya kanga waya a kunne yana hira da iska, wani ya yi kamar yana ɗaukar hoton tsuntsu. Norris igiyar takalmi ce tasa. Idan kuwa baren suka ƙi tafiya, sai ya ɓuya ya jira. Na taɓa ganin sa ya tsuguna bayan ƙayoyi tun daga farkon hotunan wani biki har ƙarshe, sai da na kama shi ya miƙe don ƙafafun sun mutu. Hali zanen dutse. Ciwon ya share masa abubuwa da yawa, wannan bai share ba.

"Ba ɓata ya yi ba," na ce wa Oddie. "Farauta yake yi. Ya ji mutanenka sarai, ɓuya ya yi musu. Duk ihun da suka ƙara, ƙara ɓuya yake yi."

"To wane akwati ne a kurmin arewa? A iya sanina babu ko ɗaya."

"Babu yanzu. Amma a da akwai, a rumbun ƙanƙara. Kai da kanka ka ce mu cire shi, muka cire. Shi ba ya tuna an cire, kuma lambobin suna nan cikin na'urar."

Rumbun ƙanƙara rami ne da masu gidan na dā suka gina da jan bulo a cikin tudu, inda barorinsu suke tara ƙanƙarar tafki don bazara. Ana shiga ta wani siririn lungu mai lanƙwasa, a ƙarshensa ƙasa ta ƙare kawai, sai rami mai zurfin gidan bene. Akwatin Norris yana bayan wani bulo ne daga bakin ƙofar ƙarfen, inda za ka zira hannu ta tsakanin sanduna ka ciro ba tare da ka shiga ba.

Fuskar Oddie ta sauya. "Yara sun yanke kwaɗon ƙofar makon jiya," ya ce a hankali. "Wayar ƙarfe muka ɗaure ta da ita kafin mai walda ya zo. Amma an duba, an haska, ƙofar a rufe take."

"Mafarauci ba ya barin ƙofa a buɗe a bayansa."

Ya ɗaga oba-obarsa zai yi magana. Na riƙe masa hannu.

"Me za ka ce musu?"

"Kowa ya nufi rumbun, a kawo igiya da fitilu."

"Ka kashe mini miji ke nan. Yana cikin duhu a lungun nan, ya ji taron bare a bakin ƙofa, ina kake tsammani zai matsa? Baya zai yi, kuma ka san abin da ke bayansa. Ka janye su duka daga kurmin, kowa ya yi shiru. Ni kaɗai zan je."

"Mama, kin haukace?" Bryony ta daka mini tsawa. "Ki dubi rana! Ɗan hasken da ya rage za ki sa a zauna a naɗe hannu? In kuma ba ya can fa? In yana kwance a gefen tafki yana jiran a zo?"

Gaskiya ta faɗa. Idan na yi kuskure, na cinye wa Norris hasken ƙarshe a banza, kuma ba zan taɓa iya kallon idon yarinyar nan ba. Amma na san mijina.

Oddie ya dube ni, ya dubi Bryony, ya dubi sama inda jan hasken yamma ya fara sauka a kan rufin babban gidan. Na ga yana lissafin abin da zai ce gobe idan aka tambaye shi wa ya ba da umarnin a daina nema.

"Masu duba tafki za su ci gaba," ya ce daga ƙarshe, "amma ba kira. Sauran su fito daga kurmin. Misis Thackray, 'yan sanda na isowa al'amarin ya bar hannuna. Ba zan iya hana su shiga ba."

Ya kai mu bakin katangar duwatsu ya kashe mota. Na miƙa wa Bryony kwat ɗin, don mafarauci ba ya yawo da rigar wani a hannu. Ta karɓa ba ta dube ni ba.

Ban taɓa jin kurmin nan ya yi tsit haka ba. Bayan duk ihun nan, yanzu ƙarar busassun ganye kawai nake ji a ƙarƙashin ƙafata, da numfashina yana fita kamar hayaƙi. Sanyin ya riga ya shiga yatsuna duk da safar hannu, na ce to shi fa da ke cikin suwaita tun ɗazu? Na kori tunanin. Gwiwata ta hagu tana ciwo a hawan tudun, na zage ta na ci gaba.

Da na hango ƙofar ƙarfen a cikin ganyen yaɗo, a rufe take. Amma wayar ba a murɗe take ba, an maƙala ta ne kawai daga ciki, a tsanake, yadda mai wucewa ba zai lura ba. Sunansa ya zo har bakina, na cije leɓe na haɗiye shi. Idan ya ji sunan nan sau ɗaya kuma, ni ma na zama cikin masu ihu.

Na ciro wayata ta salula na riƙe a tafin hannu kamar ina bin kibiya. Na yi gaba, na tsaya, na juya, na dawo, irin dawurwurar da kowane mafarauci yake yi idan ya zo kusa. Na ɗaga wani dutse na mayar. Na zira hannu a gindin itace. Sannan na fara mita da ƙarfi, yadda za a ji ni daga cikin lungun.

"Kai, wane mugu ne ya ɓoye wannan? Ko tausayin tsofaffi babu. Na duba dutse, na duba itace, sai dai in tone tudun gaba ɗaya."

Shiru.

Na matsa kusa da ƙofar, amma na juya mata baya da gangan, na shiga laluben wani kututture da ko makaho ya san ba komai a cikinsa. Norris bai taɓa iya jure ganin mutum yana neman akwatinsa a inda ba shi ba. Ya kan laɓe ya bar ka ka sha wahala, yana dariya ƙasa-ƙasa, amma ƙarshe sai bakinsa ya suɓuce.

"Na haƙura," na ce. "Zan je in rubuta cewa babu shi, mai shi ya yi sakaci."

Har yanzu shiru. Hasken ya ragu sosai, da ƙyar nake rarrabe bulo da ganye. Na ce a raina shi ke nan, ko dai ba ya nan, ko kuma yana nan a ƙasan ramin. Hawaye suka fara zubo mini, ina ci gaba da laluben ruɓaɓɓen itace kamar mahaukaciya.

Sai na ji tari.

"Ba nan ba ne."

Muryar ta fito daga can ciki, siririya, haƙora suna karo da juna. Na juya a hankali. Can a lanƙwasar lungun wani ɗan haske yana motsi, hasken fuskar na'urar, ya haska haɓarsa da gaban suwaitarsa. Ya yi nisa da ƙofar fiye da yadda na so. Bakin ramin bai fi taku biyu a bayansa ba.

"Au, ashe da mutum," na ce, ina ƙoƙarin daidaita muryata. "Kai ma shi kake nema?"

"Ni na ɓoye shi." Har da 'yar isa a muryar, duk da rawar sanyi. "Amma yi a hankali, baiwar Allah. Bare sun cika kurmin nan."

Baiwar Allah. Na tsaya da hannuna a kan sandar ƙarfe. Ya manta ranaku, ya manta sunan jikansa, ya taɓa kiran Bryony da sunan ƙanwarsa. Ni bai taɓa yi mini haka ba sai ranar. Na ce ko duhu ne, na matsar da hasken wayata kan fuskata, ya kalle ni sosai, ya gyaɗa kai cikin ladabi irin wanda yake yi wa matan da yake kai wa wasiƙa. Abin ya soke ni har cikin rai, amma ba lokacin kuka ba ne.

"Tun ɗazu suke ihu," ya ce. "Ina jin karensu ne ya ɓata. Kuma wai Norris suka sa masa, kin ji iya shege."

"Mutanen yanzu ba su da kunya. To fito ka nuna mini mana, na gaji."

"Ba ya inda na sa shi. Ina jin na tura shi ciki ne." Ya ɗora tafin hannu a bango ya fara lalube, yana jan ƙafa zuwa baya.

"Tsaya!" Ta fita da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, ya zabura. Na sassauta. "Tsaya, malam. Ai ka'ida ce, ba a sa akwati inda mutum zai ji ciwo. Kai da ka san aiki ba za ka kai shi can ba."

Ya tsaya yana tunani. "Haka ne," ya ce. "Ba zan kai shi can ba."

Na zare wayar daga ƙofar, na ja ta a hankali. Ta yi ƙara, na daskare. Bai motsa ba. Na sa ƙafa ɗaya a ciki. Idan na miƙa hannu, saura kaɗan in taɓa shi, amma na san idan na yi wuf na cafke shi zai fizge, kuma ya fi ni ƙarfi, tare za mu faɗa ramin.

A daidai nan jiniya ta tashi daga wajen babbar ƙofar gandun. Ta mutu, sai ƙarar ƙofofin mota, sai haushin babban kare. Fitilu suka fara yawo a tsakanin itatuwa daga gindin tudun, na ji muryar Oddie yana roƙon wani ya dakata, na ji wata murya ta fi tasa ƙarfi.

Norris ya danne na'urar a ƙirjinsa, hasken ya ɓace. "Ga su nan," ya raɗa. "Shigo, ja ƙofar."

Na ji takalminsa ya ja baya a kan bulo. Wata 'yar tsakuwa ta gangara, ta yi shiru na wani lokaci mai tsawo, sannan ta faɗa ruwa can ƙasa. Wayyo Allah, ban san sanda fitsari ya kusa ƙwace mini ba. Ba na ganin sa, numfashinsa kawai nake ji.

"Kada ka ƙara taku ko ɗaya," na ce ƙasa-ƙasa. "Saurara. Suna da kare, ɓuya ba za ta yi ba. Idan suka same mu a nan ciki, sun san akwai abin da muke nema, akwatinka ya tafi ke nan."

"To ya za mu yi?"

Muryar yaro ce, ba ta mutumin da ya saba tsara mana komai ba. Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba.

"Mu fita tun ba su iso ba. Ka riƙe hannuna, mu yi kamar mata da miji ne da suka fito shan iska. Ba wanda yake kallon tsofaffi biyu sau biyu."

Haushin karen yana ƙara matsowa.

"Ina da mata fa," ya ce. "Glenys. Ta je karɓo shayi."

Na dafa bango. Sunana a bakinsa, yana faɗa wa baƙuwa.

"Ba za ta ji haushi ba," na ce.

"Ba ki san ta ba. Masifa gare ta."

"Na san ta. Ta ce in gaya maka ba komai, don akwati ne."

Na miƙa hannuna cikin duhu na bar shi a buɗe. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ji yatsu sun taɓa nawa, sanyi ƙalau kamar ƙarfen ƙofar. Ban ja ba. Na bar shi ya tako da kansa, taku ɗaya, sannan wani, har kafaɗarsa ta gogi tawa. Muka fito. Ya tsaya sai ya rufe ƙofar ya maƙala wayar yadda take, yatsun suna ƙin yi masa biyayya, ni kuma na tsaya na jira shi, hannuna ɗaya damƙe da bayan suwaitarsa.

Ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙo mini, na zira nawa. Jikinsa duka rawa yake yi, nauyinsa rabi a kaina. Muka gangara tudun a hankali muka nufi fitilun.

Bryony ce a gaba, tana gudu da kwat a hannu, bakinta ya riga ya buɗe za ta ce Baba. Na zare mata ido na girgiza kai. Ta ja birki. Ta dube shi, ta dube ni, ta ga yadda yake kallon ta kamar kowa. Na ga abin ya shige ta, na ga ta haɗiye. Bayanta Oddie ya buɗe hannuwa ya tsayar da 'yan sandan, mai karen ya ja igiya.

"Barka da yamma," in ji Bryony. "Malam, ko wannan kwat ɗinka ce? A shagon shayi aka tsince ta."

"Kai, ita ce kuwa. Na gode, 'yan mata. Allah Ya yi albarka."

Ta sa masa ita da kanta, ta ɓalla masa maɓallai har wuya, hawaye na zuba tana murmushi. Ya bar ta ta gama, ya gyaɗa wa 'yan sandan kai, har ya tambayi mai karen ko sun sami wanda ya ɓata. Mutumin ya dube ni, sannan ya ce sun samu.

Motar asibiti tana tsaye a bakin katanga, ƙofarta a buɗe, hasken ciki a kunne. Muka nufe ta, mutane suna darewa suna ba mu hanya. Norris ya sunkuyo da kansa kusa da kunnena.

"Kin iya sosai," ya raɗa. "Amma kada ki sake ni tukuna, har yanzu suna kallon mu."

Na ce masa ba zan sake shi ba, muka ci gaba da tafiya.